MAGUNGUNAN TARE SAƘON JIJIYA DA CIWON GYAMBON CIKI

Zuwa ga Hakimai da Malamansu. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana muku labarin waɗansu magunguna da likitoci su ke kira antikolinajik, watau magungunan da su ke tare saƙon jijiya. A da su ne a kan gaba wajen maganin gyambon ciki, amma yanzu an sami waɗanda suka fi su nesa ba kusa ba. Duk da haka har wa yau akwai danginsu a kantunan magani da hannun 'yan talla, mutane kuwa suna saye suna sha idan ciki ya murɗa, zogi ya lafa, su ɗauka sun warke. Abin da a ke so ku riƙe shi ne wannan: waɗannan magunguna suna kwantar da zogi, amma ba sa kashe tushen cutar, kuma suna da illa mai tsanani ga tsofaffi da masu aiki cikin rana. Lalle maganar da ta fito daga bakin Hakimi ta fi saurin shiga kunnen talaka bisa ga wadda aka rubuta a takarda, don haka aka fara da ku.

1. MENE NE GYAMBON CIKI?

Abincin da mutum ya haɗiya ya kan sauka a tumbi, ya daɗe can ana dama shi, sa'an nan ya wuce zuwa bakin ƙaramin hanji. Tumbi yana fitar da wani ruwan tsami mai kaifi ƙwarai wanda ke narka abinci, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta da yawa. A shekarar 1823 wani likitan Ingila, William Prout, ya tabbatar da cewa wannan ruwa asid ne sosai, irin wanda ke iya cin ƙarfe. To, me ya hana shi cin tumbin kansa? Abin da ya hana shi ne wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangon tumbi daga ciki, kamar yadda yaɓe ke tsare katanga daga ruwan sama. Idan wannan yaɓe ya zube a wani wuri, sai ruwan tsami ya sami nama, ya yi ta ci har ya zama gyambo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyambon iri biyu ne, gwargwadon wurin da ya fito. Akwai na tumbi, akwai kuma na bakin ƙaramin hanji. Mai na bakin hanji ya kan ji zafi a ƙahon zuci sa'ad da cikinsa ya ke wayam, ko kuwa da tsakar dare, in ya ɗan ci wani abu sai ya ji sauƙi. Mai na tumbi kuwa sau da yawa abincin ne ke tayar masa da ciwon, har ya riƙa gudun ci, ya rame. Amma fa ba kowane zafin ciki ko ƙwarnafi ne gyambo ba, kuma akwai mai gyambon da ba ya jin kome sai ran da jini ya ɓalle. Saboda haka likita kaɗai ke iya rarrabewa, bayan ya yi gwaji.

2. YADDA SAƘO KE ISA TUMBI

Ba da ka tumbi ya ke zubo ruwan tsami ba, sai an ba shi umurni. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da ƙirji har ciki, likitoci suna kiranta bagus. Wani masani na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, ya gwada da karnuka, ya nuna cewa da zarar kare ya fara tauna abinci sai tumbinsa ya soma zubo ruwan tsami, ko da abincin bai kai can ba. Da ya yanke wannan jijiya sai zubowar ta tsaya. An ba shi lambar girma ta Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci.

Daga baya aka gane cewa jijiyar ba ta taɓa tumbi da kanta. A bakinta ta kan saki wani ɗan sinadari mai suna asitilkolin, shi ne ke ƙetarawa ya isar da saƙon. Otto Loewi ne ya nuna haka a 1921 da zukatan kwaɗi, shi da Henry Dale na Ingila suka raba lambar Nobel a 1936.

Domin a sauƙaƙe fahimta, a ɗauka ƙwaƙwalwa ita ce fada, jijiyar ita ce hanya, asitilkolin kuwa shi ne jakada mai kai umurni ga dagaci. Aikin maganin antikolinajik shi ne ya riga jakadan zuwa, ya zauna a ƙofar zauren dagaci ya tare. Jakada ya iso, ya rasa ta inda zai shiga, umurni bai isa ba. Ta haka ruwan tsami ke raguwa, motsin tumbi da na hanji su lafa, murɗar ciki ta kwanta. Sai dai akwai wani abu guda wanda shi ne tushen dukan matsalar: jakadan nan ba gari ɗaya ya ke zuwa ba. Shi ne mai kai saƙo ga wuraren da ke fitar da miyau da gumi, da ido, da zuciya, da mafitsara. Maganin kuwa ba ya zaɓen ƙofa, duk inda ya tarar sai ya tare.

3. ASALIN MAGUNGUNAN DA ZAMANIN TASHENSU

Kakan waɗannan magunguna shi ne atirofin, wanda masu haɗa magani na Jamus suka tace a farkon shekarun 1830 daga wani tsiro mai dafi na ƙasar Turai da a ke kira beladona. Wannan tsiro yana da ɗan'uwa a ƙasarmu wanda kowa ya sani, watau zaƙami, wanda waɗansu ke kira haukata-yaro. Dafin da ke cikinsu dangi ɗaya ne, za mu kuwa komo kan zaƙami a gaba.

A 1910 wani likita mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar cewa gyambo ba ya samuwa sai inda ruwan tsami ya ke. Tun daga nan hankalin likitoci ya koma ga neman hanyar rage shi. A 1915 Bertram Sippy na birnin Shikago a Amurka ya fito da tsarin ba majiyyaci madara kowace sa'a, tare da garin da ke kashe kaifin tsami. A 1943 Lester Dragstedt, shi ma a Shikago, ya fara yi wa masu gyambo aiki yana yanke jijiyar bagus ɗungum. Aikin ya kan rage tsami, amma yanka ciki ba ƙaramin al'amari ba ne, don haka aka shiga neman ƙwayar da za ta yi aikin wuƙa ba tare da an zub da jini ba.

Wajen 1950 kamfanin Searle na Amurka ya fito da ƙwayar Banthine, a 1953 kuma ya biyo da Pro-Banthine, wadda sunanta na likita furofantelin. A 1961 aka sami wata mai suna gilaikofirolet. Fifikon waɗannan a kan atirofin shi ne ba sa ratsawa cikin ƙwaƙwalwa da sauƙi, saboda haka ba su cika ruɗa hankali ba. A kan ba babban mutum furofantelin miligiram 15 sau uku a yini kafin cin abinci, da miligiram 30 lokacin kwanciya, domin a tare tsamin dare. Fiye da shekara ashirin, waɗannan ƙwayoyi da madara da garin kashe tsami su ne abin da likita ya ke da shi a hannu, in sun kasa sai a tafi ga wuƙa.

4. ILLOLINSU

Likitocin wancan zamani suna da wata dabara ta auna maganin: su kan yi ta ƙara wa majiyyaci har ya ce bakinsa ya soma bushewa, sa'an nan su ɗan rage. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa amfanin maganin da illarsa tare su ke tafiya, ba a samun ɗaya sai da ɗaya. Ga manyan illolin:

Bushewar baki. Miyau ya ƙafe, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta yi wuya, in abin ya daɗe haƙora su lalace.

Dishi-dishin gani. Baƙin ido ya buɗe, hasken rana ya riƙa damun mutum, rubutu na kusa ya gagara karantuwa. Malamin da aikinsa rubutu ne shi zai fara lura da wannan. Ga wanda idonsa ke da halin kamuwa da gilakoma, watau ciwon da ruwan cikin ido ke taruwa ya matse jijiyar gani, maganin na iya tayar da ciwon farat ɗaya, har ya kai ga makanta.

Riƙewar fitsari. Maza da yawa idan sun manyanta wani ƙullu da ke bakin mafitsara ya kan kumbura, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. In irin wannan dattijo ya sha maganin, fitsarin na iya tsayawa ɗungum, sai an kai shi asibiti an sa masa roba.

Ɗaukewar gumi. Wannan ita ce illar da ta fi shafar ƙasarmu. Da gumi jiki ke sanyaya kansa. A watannin bazara, Maris da Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi ya kan wuce 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri. Manomin da ke sharar gona, ko ɗan dako, ko makiyayi, idan ya sha maganin da ya hana shi gumi ya shiga wannan rana, zafi na iya taruwa a jikinsa har ya faɗi sumamme, wani ma ba ya tashi.

Bayan waɗannan akwai bugun zuciya da sauri, da taurin bayan gida, da ruɗewar tunani ga tsofaffi, har iyali su zaci tsufa ne ko taɓin hankali, alhali kuwa ƙwaya ce. Daɗin daɗawa, tun da maganin yana rage motsin tumbi, abinci ya kan daɗe a ciki bai wuce ba. Wannan ba alheri ba ne ga mai gyambon tumbi, balle wanda tabon tsohon gyambo ya riga ya ƙuntata masa mafitar tumbin. Yana kuma sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da tumbi, ƙwarnafi ya ƙaru.

5. DALILIN DA YA SA AKA BAR SU

Dalili na fari shi ne an gane jakadun da ke umurtar tumbi uku ne, ba ɗaya ba. Ban da asitilkolin akwai gastirin, akwai kuma histamin. Wanda ya tare ƙofa ɗaya ya bar biyu a buɗe bai gama aiki ba. Shi ya sa, a gwargwadon da mutum zai iya jurewa, magungunan antikolinajik ko rabin tsamin da ke zubowa bayan cin abinci ba su cika ragewa ba.

James Black na Birtaniya da abokan aikinsa suka samo maganin da ke tare histamin a tumbi, watau simetidin, aka fara sayar da shi a Ingila a 1976 da sunan Tagamet. Black ya sami lambar Nobel a 1988. A ƙarshen shekarun 1970 an fito da wani sabon antikolinajik mai suna firenzefin wanda ya fi na da iya zaɓen ƙofa, amma bai daɗe yana tashe ba, gama a 1988 wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fito da omefirazol. Shi wannan bai damu da jakadu ba sam, famfon da ke fitar da tsamin ya ke toshewa, yana rage fiye da kashi 80 cikin 100. Da shi mafi yawan gyambon bakin hanji ke warkewa cikin mako 4, na tumbi cikin mako 8.

Dalili na biyu ya fi na farin girma. Likitoci sun daɗe suna mamakin abin da ke sa gyambo ya warke, sa'an nan ya komo kafin shekara ta zagayo. A 1982, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall suka raini wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da suka samo a tumbin majiyyata, wadda yanzu a ke kira Helikobakta filori. Da aka ƙi gaskata su, sai Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki bangon tumbinsa ya kumbura. A 1994 babban taron likitoci a Amurka ya yanke shawarar a riƙa ba mai gyambon da ke ɗauke da ita maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shekarar kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin tumbi. An ba mutanen biyu lambar Nobel a 2005.

Wannan ƙwaya ita ce ke zubar da yaɓen da muka ambata. A kan ɗauke ta tun ana yara, ta hanyar miyau da ƙazantar ruwa da abinci, musamman inda gida ya cika da jama'a. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, wani bincike kuwa da aka yi a ƙasar Barno a farkon shekarun 1990 ya same ta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Ba duk mai ɗauke da ita ke yin gyambo ba, kaɗan ne daga ciki. Abu na biyu da ke haddasa gyambo shi ne yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda leburori da masu ciwon gaɓɓai ke sha kullum ba da izinin likita ba. Shan taba yana hana gyambo warkewa. Yaji da yunwa da damuwa suna iya tsananta zogi, amma ba su ne asalin cutar ba.

To, a nan ne hukuncin magungunan antikolinajik ya fito fili. Ba sa taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan. Wanda ya dogara gare su kamar mai ɗaure tsumma ne a kan miki, ƙaya tana ciki bai cire ba. Maganin da likitoci ke bayarwa yanzu shi ne omefirazol ko ɗan'uwansa, haɗe da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, galibi har kwana 14. In an kashe ƙwayar, kaɗan ne gyambonsu ke komowa.

6. INDA SU KE DA AMFANI HAR YANZU

Kada a ɗauka an yar da su gaba ɗaya. A hannun likita suna da aiki babba. Da allurar atirofin a ke ceton wanda ya sha gubar maganin ƙwari irin na feshin gona, da wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, da ɗigonsa kuma a ke buɗe ido don a duba cikinsa. Ana ba da gilaikofirolet wajen aikin tiyata domin a rage miyau. Ƙwayar nan Buscopan, wadda mutane da yawa suka sani, ita ma daga wannan dangi ta ke, aikinta kwantar da murɗar ciki na ɗan lokaci. Ba maganin gyambo ba ce, kuma hatsarinta shi ne ta rufe zogin da ya kamata ya kai mutum asibiti.

7. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMAI

Na ɗaya, a sanar da dagatai da masu unguwa alamun da ba a jira da su. Su ne aman jini, ko amai baƙi-baƙi kamar jiƙaƙƙen garin gawayi, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, amai ba ƙaƙƙautawa, wuyar haɗiya, da rama ba dalili. Na ukun nan alama ce gyambo ya huda ciki. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko jiƙo, a nemi mota a kai shi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, gama kowace sa'a da ta wuce tana rage masa rabon tsira.

Na biyu, wanda ciwon ƙahon zuci ya dame shi mako da mako, a ƙarfafa masa gwiwa ya tafi asibiti a gwada shi. Ana gane ƙwayar cutar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, a manyan asibitoci kuma akwai na'urar da a ke zurawa ta baki a ga gyambon ido da ido.

Na uku, wanda aka ba magani ya shanye shi duka har ranar da aka ɗibar masa. Yankewa a tsakiya don an ji sauƙi shi ke sa ƙwayar ta yi taurin kai, maganin ya daina cinta.

Na huɗu, a ja kunnen jama'a game da sayen ƙwayoyi barkatai a kasuwa da tasha, musamman dattawa, da masu ciwon ido, da masu wahalar fitsari, da masu aiki a rana.

Na biyar, a yi gargaɗi mai ƙarfi a kan zaƙami. Ƙarfin dafinsa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba mai iya auna shi da ido. Wanda ya sha, jikinsa ya kan yi zafi ya bushe, idanu su buɗe, ya yi ta sambatu da fizge-fizge, wani ya mutu. Ba maganin ciki ba ne, ba kuma abin wasan samari ba ne.

Na shida, a bayyana wa mutane cewa kanwa da madara suna kwantar da zafi na ɗan lokaci kaɗai. Madara ma daga baya ta kan sa tumbi ya ƙara zubo tsami, yawan kanwa kuwa yana cutar da masu hawan jini da masu ciwon ƙoda.

Na bakwai, a kula da tsabtar rijiyoyi, da nisanta masai daga gare su, da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, domin ta nan ne za a rage yaɗuwar ƙwayar ga yara.

Ana roƙon Malamai su karanta wannan bayani a majalisar Hakimi da ranakun kasuwa, su kuma fassara shi da baki ga waɗanda ba su iya karatu ba. Gyambon ciki ciwo ne mai warkewa sarai idan an bi hanyarsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ja zamanin Sarakunanmu da Hakimanmu, amin.